Daƙiƙa Bakwai da Malam Kunne Bai Ji Ba

Ƙarfe bakwai da rabi na safe yake ɗage ƙofar shagonsa, ba ya ƙara minti, ba ya ragewa. Shagon ma suna ne kawai. Wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, in mutum biyu suka shiga, na ukun sai dai ya yi gaisuwa daga waje. Zai rataye jakarsa a ƙusa, ya goge tebur da tsumma, ya jera sukudireba daga babba zuwa ƙarami. Sannan kafin ya kunna kwamfuta, kafin ma ya amsa gaisuwar kowa, sai ya bi akwatunan da aka kawo gyara ɗaya bayan ɗaya, ya sunkuya, ya manna kunnensa a jikin kowanne, ya lumshe ido. Daga nan ya samo suna. Shekara ashirin da shida muna ce masa Malam Kunne, har wasunmu sun manta sunansa na gaskiya.

Da gyaran rediyo ya fara, ya koma na bidiyo, zamani ya ja shi har ya tsaya a kan waɗannan akwatuna. Ga wanda bai san su ba, ƙaramin akwati ne da za ka rungume da hannu ɗaya, a cikinsa akwai faifai biyu na ajiya irin na cikin kwamfuta. Ana jona shi ta kebul da rautar gida, wato na'urar da ke raba intanet, a zuba masa fina-finai da hotuna da bidiyon iyali, sai kowa ya kalla daga talabijin ɗin falo ko daga wayarsa. Shi rumbu yake ce masa, mu ma muka bi bakinsa. Faifan biyu kuwa tagwaye ne. Duk abin da aka rubuta a ɗaya ana rubuta shi a ɗayan, don in wannan ya mutu, ɗan'uwansa ya riƙe gida kafin a kawo sabo.

To rumbu abu ne mai rigima. Ana tsakiyar kallo sai hoto ya ƙame, wani ɗan da'ira ya hau juyawa a tsakiyar talabijin, yara su hau ihu, maigida ya hau zagin rauta. A irin wannan rana ake tunawa da Malam Kunne.

Ku tambayi tela na ƙarshen layi. Wata biyu fim yana yanke masa, ya rantse rumbun ya lalace, har ya ɗauko shi zai yar. Malam Kunne ya je gidan, bai taɓa komai ba, ya nemi kujera ya zauna ya ce a kunna kallo. Awa guda yana zaune yana shan ruwa. Matar gidan tana jona dutsen guga a soket ɗin da rumbun yake, sai fim ya tsaya cak. Ya miƙe yana dariya ya ce, “Tela, rumbunka lafiyarsa ƙalau, da dutsen guga yake faɗa. Ka raba musu ɗaki.” Ku tambayi lauya na hawa na uku, wanda ya canza rauta har sau biyu a banza. Da rarrafe Malam Kunne ya bi kebul tun daga falo, da gwiwoyinsa na tsufa, har ya isa inda ƙofar ɗaki ta daɗe tana tauna shi. Malamar makaranta kuwa kukanta shi ne fim ɗin farko ba ya tashi da wuri. Ya ce mata, “Barci faifan suke yi in an daɗe ba a taɓa su ba. Ke ma in an tashe ki ai sai kin yi miƙa.”

Abin da ya fi sa mu sakin jiki da shi, bai taɓa buɗe bidiyon gidan wani ba. In zai gwada rumbu, nasa bidiyon yake zubawa, wani na kifaye suna yawo a ruwa, minti uku, ba magana ba kiɗa. Babu gidan da ba a san waɗannan kifaye ba. Kuma duk rumbun da ya haɗa, sai ya manna takarda a murfinsa da rubutun hannunsa: lambar kowane faifai, da ranar da aka sa shi, da layi ɗaya a ƙasa, “Tagwaye ba kwafi ba ne. Kai kwafi wani gida.” In ka ce masa ba ka da wani gidan, sai ya ce, “Kai gidan surukanka. Ko ba sa son ka, ai suna son jikokinsu.” Duk wata uku kuma yakan yi zagaye ba tare da an kira shi ba, ya ƙwanƙwasa, ya gaisa, ya manna kunne, ya ce “lafiya lau” ko ya ce “wannan ya fara tari,” ya wuce.

Kai ne kunnen unguwar nan, Malam. Kai ne kake jin faifai zai mutu tun saura wata biyu, alhali kwamfuta ma ba ta ce komai ba tukuna. Ba mu taɓa tambayar kanmu ba, in kunnen ya gaji fa?

Shekara biyu ke nan da abin ya fara. Ƙananan sautuka ne suka fara guje masa. Buta za ta yi ta fito a kan wuta yana zaune kusa da ita. Waya za ta yi ta kuka a aljihunsa. Matarsa za ta kira shi sau uku bai waiga ba, mu kuma mu yi ta tsokanarsa cewa wannan kurumtar ai kowane magidanci yana da ita. Yana taya mu dariya. Ashe shi ya san gaskiya, kuma kunya ce ta hana shi faɗa. Mutumin da ake kira Kunne, ya buɗe baki ya ce ba ya ji? Ya koyi kallon leɓen mutane. In an yi magana da ƙarfi a gabansa yana kamawa. Kuma ya ci gaba da manna kunne a jikin rumbuna kamar da, ko da yake abin da yake ji ya koma wani gunji can nesa.

A watan jiya Sista ta zo shagon. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ta yi ritaya tun tuni, amma sunan ya bi ta. Mijinta Baba Kafinta, rabin kujerun unguwar nan aikin hannunsa ne. Yanzu mantuwa ta cinye shi. Ya manta sana'arsa, ya manta hanyar bayi, ita kanta da suka yi shekara arba'in tare, “baiwar Allah” yake ce mata. Mutum ɗaya ce ba ta goge ba a kansa, 'yarsu tilo, wadda ya laƙaba wa Auta tun tana jaririya don ya ce daga ita an rufe. Auta ta rasu shekara huɗu da suka wuce, ciwon kwana huɗu. Wannan ma ya manta.

Sista ba ta zauna ba. Ta ce, “Malam, rumbun ya ƙi.”

“Na'am?”

Ta matso, ta ɗaga murya. “Rumbun Auta. Bidiyon yana tsayawa. Yau kwana biyar.”

Ya ce bari ya ɗauko jaka. Ta riƙe hannun rigarsa ta ce ya tsaya ya fara jin abin da ake ciki, don ba fim ba ne.

Kullum ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da Auta takan dawo daga aiki a da, sai Baba Kafinta ya miƙe ya ce, “Ina Auta?” Sau ɗaya Sista ta taɓa gaya masa gaskiya. Ya zube a ƙasa ya yi kuka irin na ranar farko, washegari ƙarfe huɗu ya sake tambaya. Ta rantse ba za ta sake kashe masa 'ya ba. In kuma ta ce masa tana hanya, ba ya yarda, sai ya je bakin ƙofa ya tsaya, awa biyu, awa uku, har ƙafafunsa su kumbura. Abu ɗaya ne yake zaunar da shi. Wani bidiyo ne na minti goma sha ɗaya da Auta ta ɗauka da wayarta, tana riƙe masa katako yana gogewa, tana tsokanarsa cewa kujerar nan ta karkace. A ƙarshe ta kaɗe hannu, ta ɗauki jaka, ta ce, “Na tafi aiki, Baba. Ka zauna, kada ka jira ni a tsaye.” Da ya ji wannan sai ya gyaɗa kai ya ce, “Ta tafi aiki,” ya zauna lafiya. Shekara uku haka ake yi kowace rana.

“Yanzu kafin ta faɗa yake tsayawa,” in ji Sista. “Kwana biyar yana tsaye a ƙofa. Jiya ya faɗi.”

“Wayar da ta ɗauka da ita fa?”

“Ta ɓata tun a hargitsin jinya.”

“Ba kwafi a ko'ina?”

Ta girgiza kai. Shi ma ya san amsar tun kafin ya tambaya. Shi ya haɗa wa Auta rumbun nan shekara shida da suka wuce, lokacin da ta tattaro duk hotunan gidansu da tsofaffin bidiyo ta zuba a ciki. Ya yi mata maganar kwafi, ta ce, “Kawu Kunne, mako mai zuwa zan kawo wani faifan, wallahi.” Duk haɗuwarsu sai ya tuna mata, ita kuma ta yi dariya ta ce mako mai zuwa.

A gidan ya tarar da ƙanen Sista, wanda kowa yake kira Kawu, da sabon faifai a leda, ya ƙagu a yi a gama. Malam Kunne bai bi ta kansa ba. Ya bi aikinsa daki-daki yadda ya saba. Ya duba kebul, lafiya. Ya duba soket, ba abin da ke faɗa da wani. Ya kunna bidiyon, sautin a kashe, idonsa a kan lambobin lokaci na ƙasa, ba a kan hoton ba. Minti tara da daƙiƙa hamsin, ya tsaya. Ya sake daga farko. Minti tara da daƙiƙa hamsin. Ya gwada ta waya, nan ma haka. In laifin rauta ne ko na kebul, yau a nan zai tsaya, gobe a can. Abin da yake tsayawa wuri ɗaya kullum, a jikin faifai ciwon yake.

Rumbun yana cikin wani kabad mai kyau da Baba Kafinta ya ƙera masa da kansa, rufaffe ruf, ko ƙofar iska babu. Da ya jawo shi waje jikinsa zafi rau. A goshinsa, inda fitila take, akwai guntun baƙin tef. Ya ɓare. Fitilar ja ce wur. Ya buɗe shafin lafiyar rumbun a kwamfutarsa ya karanta: faifai na ɗaya ya mutu wata goma da suka wuce, na biyu shi kaɗai yake jan kaya tun lokacin, kuma shi ma yana gargara.

Ya ce, “Wa ya rufe fitilar nan?”

Kawu ya ce, “Ni ne. Ƙiftawarta tana tayar wa Baba Kafinta hankali in an buɗe kabad.”

“Bai yi ƙara ba? Ai yana kuka in faifai ya mutu.”

Kawu ya kalli Sista, Sista ta kalli ƙasa. Kawu ya ce, “Malam, ai ranar da ka zo zagaye, wata takwas ke nan, yana ta ƙarar. Tit, tit. Ka sa kai cikin kabad ka manna kunne, ka ce lafiya lau. Shi ya sa na kashe ƙarar. Na ce tunda Malam Kunne ya ce lafiya, wane ne ni?”

Wannan kam ya ji ta sarai. Ya daɗe a durƙushe, hannunsa a kan rumbun. Ya tuna ranar. Ya tuna bai buɗe shafin lafiyar ba, don shekara da shekaru kunnensa yana riga shafin sani. Da ya faɗi gaskiya a ranar, da faifai ɗaya kawai za a canza, aikin rabin yini. Ya ɗago ya ce, “Sista, ban ji ba. Ba na ji. Shekara biyu ke nan ina ɓoyewa. Laifin nan nawa ne, ba na Kawu ba.”

Sista ta dube shi irin duban masu jinya, ba fushi, ba lallashi. Ta ce, “Na daɗe da lura kana kallon bakina. To yanzu me za a yi?”

Kawu ya miƙo ledar. “A sa sabon mana, a danna gyara. Ai shi da kansa zai kwashe komai ya zuba.”

“A'a,” in ji Malam Kunne. “In ka danna gyara, rumbun zai tilasta wa faifan nan ya karanto duk abin da ke cikinsa daga farko har ƙarshe, ba hutu. Marar lafiya ne, za ka ɗora masa buhu ka ce ya hau bene. A hanya zai mutu, ya tafi da komai. Ba a gyara kafin a kwashe.” Ya juya ga Sista. “Da wuta za ta kama gidan nan, a ce ki ɗauki abu ɗaya daga cikin rumbun nan, wanne za ki ɗauka?”

“Ka sani.”

“To da shi za mu fara.”

Ya kashe rumbun, ya zare faifai na biyu, ya kwantar da shi a kan tawul a teburin cin abinci, ya jona shi da kwamfutarsa, ya saita fanka tana hura shi. Dabarar ita ce a kwafa a hankali, a tsallake inda ya yi rami, a dawo masa daga baya. Amma faifai mai gargara yana da alama. In ya gaji yakan fara wani ɗan ƙas, ƙas a ciki, kuma a nan ne dole a dakata ya huce. Wannan sautin ne Malam Kunne ya yi suna da jin sa. Ya sunkuya ya manna kunne, ya lumshe ido. Shiru. Ya juya ɗaya kunnen. Ya ɗauki sukudireba ya dafa bakinta a jikin faifan, ya danna ƙotar a ƙashin bayan kunnensa. Gunji kawai.

Sista ta shiga ɗaki ta fito da abin sauraren ƙirjinta na aiki, robarsa har ta tsage don tsufa. Ta sa a kunne, ta ɗora kansa a kan faifan, ta ce, “Gaya mini abin da zan saurara.”

Ya ƙwanƙwasa farce a tebur ya nuna mata. “In kin ji irin wannan, ki taɓa hannuna.”

Haka suka yi kwana uku, daga safe zuwa yamma. Ita tana saurare, shi yana kallon kwamfuta. Ta taɓa hannunsa, ya dakatar, su jira minti ashirin, ya ci gaba. Wani lokaci ta ce, “Wannan bugun bai yi mini ba,” kamar tana gaban gadon marar lafiya. Da ƙarfe huɗu ya yi, sai a ji jan takalmi daga ɗaki. Baba Kafinta ya fito ya ce, “Baiwar Allah, ina Auta?” Sista ta cire abin kunnenta ta bi shi ƙofa da kujera, ya ƙi zama. Malam Kunne yana hango bayansa daga tebur, tsoho a tsaye, hannu ɗaya a jikin ƙyaure, ƙafafu a kumbure, yana leƙen matakala. Ya ce a duk rayuwarsa bai taɓa ganin abin da ya yi masa ciwo kamar bayan mutumin nan ba.

A rana ta farko bidiyon ya fito, amma da rami na daƙiƙa arba'in, kuma maganar Auta tana cikin ramin. A rana ta biyu ya ajiye linzamin kwamfutar ya ce, “Sista, zaɓi ya zo, kuma ba ni zan yi shi ba. Ƙarfin faifan nan kaɗan ya rage. Ko mu bar ramin mu kwashe sauran, hotunanta na yarinta, na makaranta, duk abin da ta tara, wataƙila mu sami rabi. Ko mu koma ramin mu yi ta tono, sauran su tafi. Kuma ban yi miki alkawarin za mu same ta ba.”

Kawu ya ce, “Yaya Sista, hotunan nan su ne naki fa. Ba ki da wasu.”

Sista ta dubi ƙofar da mijinta yake tsayawa. Sannan ta ce, “Ni ina tuna fuskarta. Shi ne ba shi da komai. Koma ramin, Malam.”

Suka koma. Arba'in ta zama talatin, ta zama goma sha takwas. Kowace daƙiƙa sai an yi mata naci sau ɗari. A rana ta uku da hantsi, saura bakwai, Sista ta taɓa hannunsa, ta sake taɓawa, sannan ta riƙe shi gam. Ta cire abin daga kunnenta a hankali ta naɗe shi. Ta ce, “Ya tsaya.” Ta taɓa faɗa wa mutane da yawa wannan kalmar a bakin aiki, da irin muryar ta faɗe ta.

Ya duba abin da suka samu, a karo na farko da ya kalli bidiyon gidan wani da idonsa. Auta ta kaɗe hannu, ta ɗauki jaka, ta juyo ta buɗe baki. Hoton ya ƙame, daƙiƙa bakwai. Sai ga ta a bakin ƙofa tana ɗaga hannu. Duk ramin ya cike, ban da maganar. Hotunan sun tafi, maganar ma ta tafi.

Bai bar aikin a nan ba. Ya sa sababbin faifai biyu, ya rubuta musu lamba da rana, ya fito da rumbun daga kabad ya ɗora shi a fili. Ya yi wa bidiyon kwafi uku, ya ba Kawu ɗaya ya ce ya kai gidansa yau, ba mako mai zuwa ba. Yana haɗa jakarsa ƙarfe huɗu ya yi. Sista ta ce bari a gwada, ta zaunar da mijinta gaban talabijin ta kunna. Malam Kunne ya tsaya can baya, bakin ƙofa, jaka a kafaɗa. Ya ga hoton ya ƙame. Ya ga Sista ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta suna rawa, ya ga Kawu ya juya bango. Ya ce, “Ku yafe mini,” ya ja ƙofa ya sauka.

Washegari ƙarfe bakwai da rabi ƙofar shagon ba ta ɗagu ba. Ya cire allon sunansa, ya aika wa kowa rumbunsa da takardar adireshin wani abokin sana'a da ya yarda da aikinsa. Waya ba ya ɗauka. Sista ta je gidansa sau biyu, ya ce wa matarsa ba zai iya haɗa ido da ita ba. Matar ce ta ce mana, “Ji ne ba ya yi, amma karatu kam, ko takardar ƙunshin kaya ya samu sai ya karance ta.” Shi ya sa Sista ta ce a rubuta masa abin da ya faru, kuma a rubuta a gaban jama'a.

Jama'a, wannan shi ne mutumin da muke jinjina wa. Ya yi kuskure, kuma da bakinsa ya faɗa, a gaban waɗanda kuskuren ya shafa, alhali ga Kawu nan da za a iya jingina wa laifin cikin sauƙi. Masu sana'a, ku ɗauki wannan daga gare shi: ku riƙa komawa kan aikinku ba sai an kira ku ba, ku kama idonku daga sirrin mutane, kuma ranar da wani abu ya gaza a jikinku ku faɗa da wuri. Mu kuma masu rumbu a gida, yau ɗin nan kowa ya je ya dubi fitilarsa. Ya tambayi kansa wanne zai ɗauka in wuta ta kama, ya kwafe shi ya kai wani gida.

Malam Kunne, mun gode. Tela ya gode, lauya ya gode, malama ta ce har yanzu rumbunta yana miƙa kafin ya tashi. Kai ne ka yi shekara ashirin da shida kana sauraro a madadinmu, to yau bari mu saurara maka. Ga abin da ya faru a falon nan kana tsaye a bayansu.

Da hoton ya ƙame, Baba Kafinta bai miƙe ba. Ya zuba wa fuskar 'yarsa ido, bakinta a buɗe, ya jira kaɗan. Sannan a cikin shirun nan, a hankali, da muryar da kai ba za ka iya ji ba, ya ce, “Na tafi aiki, Baba. Ka zauna, kada ka jira ni a tsaye.” Bai ɓata ko kalma ɗaya ba. Yana rufe baki hoton ya motsa, Auta ta ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga mata. Sai ya juyo ya dubi matarsa ya ce, “Ta tafi aiki, Maman Auta.” Rabon da ya kira ta haka, shekara biyu. Kukan da ka gani ke nan.

Ba za mu yi maka ƙarya ba, washegari ya koma ce mata baiwar Allah. Hotunan ma ba za su dawo ba, kuma Sista tana kukansu in ta keɓe. Amma yau kwana ashirin da shida, kullum ƙarfe huɗu hoton yana ƙamewa, shi yana cike ramin da bakinsa, ya gyaɗa kai, ya ci gaba da zamansa. Kumburin ƙafar ya saɓe. Sista ta ce da ramin yana nan daƙiƙa arba'in, da ya daɗe da miƙewa ya nufi ƙofa. Bakwai ɗin nan daidai tsawon maganar ne, kuma kai ka tono sauran.

Ta ce a gaya maka watan zagaye ya kusa. Ka zo da kwamfutarka ka buɗe shafin, ita za ta riƙe abin saurare. Ka zo kafin ƙarfe huɗu. Ta ajiye maka kujera a gaba, inda za ka ga bakinsa.